Kitsen da aka yi wa alama: amsa ga ɗalibin da ke son bin sawun mai a jikin yaro mai tamowa

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin sinadaran jiki, ina zaune a Birni, nan Damagaram. Ina shirin rubuta aikin kammala karatu a kan yadda jikin yara masu tamowa ke sarrafa man da ke cikin abincin gyaɗar nan da ake ba su a asibiti. Duk takardar binciken da na buɗe sai in ga an yi amfani da asid ɗin kitse mai alamar isotof, wani wuri a rubuta karbon-13, wani wuri d31. Mece ce wannan alama? Ba irin abin nan ne na yuraniyom ɗin Arlit mai fitar da tururin nukiliya ba? Kuma aiki ne da za a iya yi a nan, ko kuwa sai Turai?"

Barka kadai, ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Abu uku ka haɗa: mece ce alamar, ko tana cutarwa, da ko aikin zai yiwu a garinmu. Ta biyun ce mai sauƙi, bari in sauke ta tun yanzu. Karbon-13 da duteriyom, wato abin da ka gani an rubuta d31, ba sa fitar da tururin komai, kuma suna cikin jikinka yanzu haka kana karanta wannan amsa. Ta ukun ce mai wuya. Wani sashe na aikin zai yiwu a nan, amma babban abin da zai iya ɓata maka sakamako ba rashin na'ura ba ne. Hatsin da muke ci ne. Zan zo kan wannan bayan na shimfiɗa maka tushen maganar.

Dalilin yin alamar

Asid ɗin kitse sarƙa ce ta ƙwayoyin karbon, kowace riƙe da haidurojin, a ƙarshen sarƙar kuma kan asid ne. Falmitik, wanda ya kai wajen kashi 44 cikin 100 na manja, yana da karbon 16. Oleyik da linoleyik, waɗanda su ne mafi yawa a man gyaɗa, kowanne yana da 18. Matsalar mai bincike ita ce falmitik ɗin da yaro ya ci da safe, da wanda hantarsa ta ƙera daga sukari, da wanda ya fito daga kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa, duk abu ɗaya ne. Idan ka ɗebi jini ka auna, adadi kawai za ka samu. Adadin ba zai faɗa maka daga ina kitsen ya zo ba, ko ina za shi, ko da wace irin sauri. Yaro biyu za su iya samun adadi ɗaya a jini alhali ɗaya yana ƙona kitse ninki biyu na ɗayan.

Makiyayin da ya tsaga kunnen ragonsa kafin ya sake shi cikin garken gari bai canja wa ragon hali ba. Zai yi kiwo da sauran, ya sha ruwa inda suke sha, amma da yamma mai shi zai gane abinsa. Aikin alamar isotof ke nan. Kowane karbon yana da furoton 6 a tsakiyarsa. Mafi yawansu suna da nutron 6, nauyi ya zama 12. Kimanin 1.1 cikin 100 suna da nutron 7, shi ne karbon-13. Irin waɗannan ƙwayoyi na sinadari ɗaya masu nauyi daban-daban su ake kira isotof. Haka haidurojin: ɗaya cikin kusan 6,400 yana ɗauke da nutron guda, shi ne duteriyom. Sinadaran da ke narkar da abinci da ƙona shi kusan ba sa bambanta mai nauyin da marar nauyin, amma na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari tana bambantawa sarai. Falmitik na yau da kullum nauyinsa 256. Idan aka musanya haidurojin 31 da ke jikin sarƙar da duteriyom, ya zama 287, shi ne d31 ɗinka. Idan karbon 16 ɗin duka aka musanya da karbon-13, ya zama 272. Idan na farko kaɗai aka musanya, wanda ke kan asid, 257.

Dabarar ta girmi isotof ɗin kansa. A 1904 Franz Knoop, a Jamus, ya liƙa wa asid ɗin kitse zoben fenil a wutsiya ya ciyar da karnuka, ya duba fitsarinsu. Daga abin da ya fito ya gane jiki yana yanke sarƙar ne karbon bibbiyu. Sai dai zoben fenil baƙon abu ne, yana canja halin kitsen. Bayan Harold Urey ya gano duteriyom a 1931, Rudolf Schoenheimer da David Rittenberg a jami'ar Columbia da ke New York suka ciyar da ɓeraye mai mai ɗauke da duteriyom, suka wallafa a 1935. Ɓerayen ba sa samun isasshen abinci, don haka an zaci za su ƙone man nan take. Sai aka tarar kaso mai yawa ya shiga ma'ajiyar kitsen jiki, jiki kuma yana ƙona tsohon kitse a madadinsa. Kafin wannan gwaji ana ɗaukar kitsen jiki kamar abin da aka ajiye aka manta sai ranar yunwa. Daga nan aka san kullum cikin shige da fice yake. Da irin wannan hanya Konrad Bloch ya bi yadda jiki ke gina kolestarol daga asetat, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1964 tare da Feodor Lynen.

Maganar Arlit

Ban ga laifin tsoronka ba, domin a ƙasar nan duk wanda ya ji isotof, yuraniyom ne ke faɗo masa. Kuma gaskiya ne akwai asid ɗin kitse masu alamar da ke fitar da tururi. Karbon-14, wanda aka gano a 1940, sai shekara 5,730 rabinsa ke lalacewa. Tiritiyom shekara 12.3. Ana amfani da su a kan ƙwayoyin halitta da ake renonsu cikin faranti da kan dabbobin gwaji, saboda ƙanƙanin abu ya isa a gani. Akwai kuma falmitik mai karbon-11, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin minti 20, ana ɗaukar hoton zuciya da shi, kuma dole injin da ke ƙera shi ya kasance kusa da majinyaci. Wannan fanni na likitocin nukiliya ne, irin waɗanda ke cibiyar isotof ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ni ba nan na yi aiki ba. Abin da ya shafe ka shi ne babu mai ba yaro mai tamowa irin waɗannan don bincike. Na yara da mata masu ciki, karbon-13 ne da duteriyom. Mutum mai kilo 60 yana yawo da gram sama da 100 na karbon-13 a jikinsa tun ba a ba shi komai ba, abin da ake ƙara masa a gwaji kuwa miligram ne. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana ita kanta take yaɗa hanyar ba uwa mai shayarwa gram 30 na ruwa mai duteriyom, a riƙa ɗibar yawunta da na jaririnta har kwana 14, don a san yawan nonon da ya sha.

Haɗarin da ke akwai na daban ne: tsabta. Kayan da aka sayo don aikin kan tebur ba a tabbatar da su don shiga jikin mutum ba. Wanda za a ci ko a ɗura ta jijiya yana da nasa matakin, da nasa takardun, da nasa farashin.

Ayyuka uku da ake yi da su

Na farko, kuma shi ne na fi yi da hannuna, shi ne ma'aunin cikin samfur. Kafin a auna kitsen jini sai an tsamo shi da kulorofom da metanol, kashi 2 da 1, hanyar da Folch ya wallafa a 1957, sannan a mayar da shi mai saurin tashi ta hanyar liƙa masa metil, sannan ya bi ta cikin na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta kuma auna nauyinsu. A kowane mataki wani abu yana salwanta: ya manne a kwalba, ya tsaya a ruwan da aka zubar, ya ƙafe. Ba ka san nawa ya tafi ba. To sai ka zuba, tun kafin ka taɓa samfurin, adadin da ka sani na falmitik d31, a ce maikurogram 10. Duk abin da ya sami na jinin zai sami naka daidai wa daida. A ƙarshe na'ura za ta nuna na jini a nauyi 270, naka a 301. In na jinin ya ninka naka sau uku, ka san yana wajen maikurogram 30, sai gyaran da layin awonka zai ba ka. Ko rabin samfurin ya zube, rabon bai canja ba. Da irin wannan dabara ake tantance jarirai a ƙasashe da yawa, daga ɗigon jini a takarda, don gano masu cutar gado ta kasa ƙona kitse.

A nan akwai tarkon da ɗalibai ke yawan faɗawa. Suna ganin mai karbon-13 guda ya fi araha sai su saye shi don wannan aiki. Amma falmitik ɗin da aka liƙa wa metil yana da karbon 17, kowanne kuma yana da damar 1.1 cikin 100 ta zama mai nauyi. Ke nan wajen kashi 18 cikin 100 na abin da ke 270 zai bayyana a 271 ba tare da ka zuba komai ba, daidai inda ma'auninka yake zaune. Don ma'aunin cikin samfur, nemi wanda ya fi na asali nauyi da aƙalla 3.

Aiki na biyu shi ne auna gudu. Ana ɗura falmitik mai alama ta jijiya a hankali, da saurin da aka sani, har yawan alamar a jini ya daidaita. Kitsen da jiki ke saki daga ma'ajiya yana tsarma alamar, don haka gwargwadon yadda ta tsarmu, gwargwadon yawan abin da jiki ke saki. Asid ɗin kitse ba ya daɗewa a jini, cikin minti 2 zuwa 4 rabinsa ya juya. Ba ya kuma narkewa a ruwa, dole a ɗaura shi a kan albumin na ɗan adam cikin cikakkiyar tsabta. Da irin wannan gwaji masu bincike a Kingston ta Jamaika suka nuna, a 2006, cewa yara masu tamowar kumburi suna sakin kitse da ƙona shi ƙasa da yara masu tamowar ƙanjamewa. Wannan shi ne aikin da ya fi kusa da tambayarka, ka neme shi ka karanta da kyau. Haka a 2005 wani rukuni a Minnesota ya bi kitsen da ya taru a hantar masu cutar hanta mai kitse, suka sami kusan kashi 59 daga asid ɗin kitsen da ke yawo a jini, 26 hanta ce ta ƙera, 15 kai tsaye daga abinci. Babu awon jini na yau da kullum da zai ba ka wannan rabo.

Na uku shi ne bin sauyi, wato wani asid ya koma wani. A Southampton ta Ingila, a 2002, an ba samari da ƴan mata alfa-linolenik mai karbon-13. A ƴan matan wajen kashi 21 ya koma EPA, 9 ya koma DHA, wanda ƙwaƙwalwa da ido ke buƙata. EPA da DHA asid ɗin kitse ne masu sarƙar da ta fi ta alfa-linolenik tsawo. A samarin wajen 8 ne ya koma EPA, a DHA kuwa ba a ga alamar ba. Wannan ya shafe ka, domin man gyaɗa cike yake da linoleyik, alfa-linolenik ɗinsa kuwa kamar babu, kuma su biyun sinadari ɗaya suke gogoriyo a kansa kafin a tsawaita su.

Akwai reshen da ya fi sauƙi: gwajin numfashi. A ci kitse mai karbon-13 a cikin abinci, in jiki ya ƙone shi karbon ɗin zai fito a iskar da ake fitarwa. A busa cikin kwalba kowane rabin awa, a auna. Likitocin Leuven ta Beljiyam sun gina gwaje-gwaje biyu a kan haka, ɗaya don aikin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da sinadarin narkar da mai, a 1989, ɗaya don saurin fitar abinci daga tumbi, da oktanoyik, a 1993. Babu allura, babu jini. Na san da ka karanta wannan za ka ce ga abin da ya dace da yaranmu. To a nan hatsi ke shigowa.

Inda hatsi ke shiga

Tsirrai ba su ɗaukar karbon-13 daga iska daidai da juna. Alkama, shinkafa, wake, gyaɗa, dankali da rogo suna ƙyamar mai nauyin, sai ya yi ƙaranci a jikinsu. A ma'aunin da ake amfani da shi, na kashi cikin 1,000, suna wajen 27 ƙasa da sifili. Hatsi, dawa, masara, rake da yawancin ciyawar dajinmu suna bin wata hanya ta kama iska, wadda ta dace da zafi da ƙarancin ruwa, su kuma suna wajen 12 zuwa 13 ƙasa da sifili. Tazarar wajen 14 ce. Ka kwatanta da gwajin numfashi na ƙwayar cutar gyambon ciki, inda tashin 3 zuwa 5 kawai ya isa a ce mutum yana ɗauke da ita. Ke nan abinci kaɗai yana iya motsa numfashi daidai da abin da alamarka za ta motsa, ko ma fiye.

Shi ya sa takardun Turai ke cewa mai gwaji ya guji masara da sukarin rake kwana biyu kafin ranar. A can ƙaramin umarni ne, domin abincinsu alkama ne da dankali. Kawo wannan umarni Mirya ko Magarya ka gani. Kana ce wa uwa kada yaro ya sha fura, kada ya sha kunu, kada ya ci tuwo. Kuma ko ta yarda, ba ka gama ba. Nonon saniyar da ta yi kiwo a ciyawarmu da karan dawa yana ɗauke da wannan tambari. Nonon uwar da ke rayuwa a kan hatsi haka. Kitsen jikin yaron da tsokarsa, da hatsi aka gina su, ba kuma kwana biyu ke wanke su ba.

Ka lura, tsayin matakin farko, wato yawan karbon-13 da ke numfashi tun kafin a ba da alama, shi kaɗai ba matsala ba ne. Kana ɗaukar numfashi kafin a ci alamar, ka cire shi daga sauran. Matsalar ita ce matakin ya riƙa motsi ana cikin gwaji. Ɗauki yaron da aka kwantar jiya. Da safe, cikinsa wayam, yana ƙona abin da ke jikinsa, numfashinsa na mai cin hatsi ne. Ka ba shi abincin gyaɗa da alamarka a ciki. Gyaɗa da man da aka haɗa ta da shi na ɗaya rukunin ne, masu ƙarancin karbon-13. Yayin da jikinsa ya juya ga ƙona sabon abincin, matakin yana sauka, alamarka tana ɗaga shi, abin da ka auna kuma ragowar kokawarsu ce. Za ka rubuta cewa yaron ba ya ƙona mai sosai, alhali abincin ne ya ja awon ƙasa. Juya lamarin: yaron da ya yi mako uku a kan madara da abincin gyaɗa, ana tsakiyar gwaji kakarsa ta tausaya masa ta ɗura masa ludayin fura. Awo zai tashi, kai kuma ka yi murna. Mafi muni, in kana kwatanta ranar shiga asibiti da ranar sallama, kuskuren zai bi hanya ɗaya a kusan dukkan yaran, ya fito maka kamar sakamako mai kyau da lissafi zai tabbatar. Sukarin da ke cikin abincin ma sai ka bincika, na rake ne ko na gwoza irin ta Turai, domin rukuninsu daban.

Na ga irin wannan a wani labo da na yi aiki a waje, inda aka kawo kwalaben numfashi daga wata ƙasar masu cin masara. Layin awon wasu yaran ya faɗi ƙasa da inda ya fara. Wanda bai san abincin wurin ba zai ce na'ura ce ta lalace.

Mafita uku nake gani, ba kuma daidai suke a wurina ba. Ta farko, ranar gwaji marar alama: abinci iri ɗaya, lokaci iri ɗaya, kwalabe iri ɗaya, amma ba ka zuba komai ba. Wannan zai nuna maka yadda abincin kaɗai ke motsa numfashi, sai ka cire. Yana ninka aiki da kuɗin awo, amma ba zan amince da sakamakon karbon-13 daga yankinmu ba in babu shi, ko da a kan wani rukuni na yaran ne kawai. Ta biyu, ka zaɓi asid ɗin da dukkan karbon ɗinsa masu alama ne, don tashin ya yi girman da motsin abinci ba zai rufe shi ba. Ya fi tsada, domin yawancin irinsa daga gansakukar ruwa ake tsamo shi, wadda aka rena da iskar karbon-13. Ta uku, kuma ita na fi karkata gare ta, ka bar karbon gaba ɗaya ka koma d31. In jiki ya ƙone falmitik d31, duteriyom ɗin ruwa yake zama, ya gauraya da ruwan jiki, ka same shi a fitsari. Rukunin Dale Schoeller a Wisconsin ne ya tabbatar da wannan hanya a farkon shekarun 2000. Tana da wani amfanin kuma. Karbon-13 da aka ƙona ba duka ke fita a numfashi nan take ba, wani yana maƙalewa a cikin wasu sinadaran jiki, har sai an yi gwaji na dabam da asetat mai alama don a gyara lissafi. Duteriyom ba ya buƙatar wannan.

Ita ma tana da sharuɗɗanta. Dole ka san yawan ruwan jikin yaron, abin da ke da wuya ga mai kumburi, kuma yawanci sai da ruwa mai oksijin-18, wanda ba shi da araha. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana hanzarta juyawar ruwan jiki, gudawa ma haka. Sannan ka tambaya ko an taɓa ba yaron ko uwarsa ruwa mai duteriyom a wani binciken cikin makonnin baya, domin in an ba su, alamarka za ta nutse.

Abin da zai yiwu a Damagaram

Ka raba aikin gida biyu: ɗibar samfur da awo. Awon karbon-13 a numfashi ko duteriyom ƙanƙani a fitsari yana buƙatar na'urar auna rabon isotof, mai son wuta marar yankewa, da iskar heliyom, da ɗaki mai sanyi. Kada ka gina aikinka a kan samun ta kusa. Ka nemi labon haɗin gwiwa tun kafin ka rubuta tsarin bincike, su faɗa maka irin kwalbar da suke karɓa da adadin da za a ba yaro gwargwadon nauyinsa. Sa'ar da aka yi, samfuran suna jure tafiya. Numfashi a kwalbar gilashi mai murfin roba yana yin watanni ba sanyi. Fitsari a kwalba mai rufuwa gam, a daskare, yana ajiyuwa, muddin ba ya shan iska, domin ruwan da ke cikin iska yana musanya da na ciki. Ɗigon jini a takardar da aka jiƙa da maganin hana lalacewa, BHT, yana riƙe asid ɗin kitse har ya isa inda za shi.

Kayan alamar kansu, falmitik ba shi da rigima, gari ne fari mai haƙuri. Linoleyik, alfa-linolenik da DHA su ne masu saurin ɓaci, iska da haske da zafi duk maƙiyansu ne. Ajiyarsu a digiri 20 ƙasa da sifili, cikin kwalbar gilashi mai duhu, a kore iskar ciki da naitirojin. Da kaya sun iso ka rarraba su ƙananan kwalabe, don kada kowace buɗewa ta taɓa duka. Ka cika firigon da robobin ruwa daskararru saboda ranar da wuta za ta ɗauke, ka kuma sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi girman abin da ya gani. Abin da ya fi ba ni wahala a aikin tebur kuwa shi ne falmitik da sitiyarik suna ko'ina: a roba, a sabulu, a yatsunka, a man shafawa. Gilashi kawai za ka yi aiki da shi, wanda aka ɗauraye da sinadarin tsamowa, kuma kowane zagaye ka haɗa da kwalbar da babu samfur a ciki don ka ga abin da ɗakin da kansa ke zubawa.

In kuɗi ya gaza, kada ka raina tambaya mafi ƙanƙanta. Wane irin asid ɗin kitse ne ke jinin yaro ranar shiga, wane ne bayan makonni a kan abincin gyaɗa, DHA ya hau ko ya sauka? Wannan ba ya buƙatar ba yaro alama ko kaɗan, ma'aunin cikin samfur kawai, kuma ana iya yi da na'urar GC marar awon nauyi, a yi amfani da asid ɗin da adadin karbon ɗinsa ba ya rabuwa biyu daidai, wanda jiki ba ya ƙerawa da yawa. Littattafai za su ce maka ka ɗauki mai karbon 17. A nan kada ka ɗauka. Mai 15 da mai 17 suna cikin nono da man shanu da kitsen tumaki, yaran makiyaya kuma suna da su a jini. Ɗauki mai 19 ko mai 23.

Ka kuma san iyakar abin da alama ke faɗa. Falmitik ɗaya ne cikin asid masu yawa, halinsa ba lallai ya zama halin oleyik ko linoleyik ba, su ne kuwa mafi yawa a abincin da kake nazari. Alamar da aka barbaɗa a kan abinci ba lallai ta narke a hanji kamar man da ke cikin gyaɗar ba, domin na gyaɗa a ɗaure yake uku-uku a kan gilisarol, naka kuwa a sake, sai in ka sayi wanda aka ɗaure. Falmitik a sake ma yana iya haɗuwa da kalsiyom ɗin madara ya fice ta bayan gida, don haka wanda bai bayyana a fitsari ba, mai yiwuwa bai shiga jiki ba ne tun farko. Gwajin awa 6 ko 9 kuma hoton wannan yini ne kawai, yaron da zazzaɓin sauro ya kama washegari wani abu dabam zai nuna. Ɗura ta jijiya kuwa, a yaro mai tamowa mai tsanani, ba aikin ɗalibi ba ne, ban kuma ba ka shawarar ka nufe shi ba.

Duk wanda ka zaɓa, sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da ke Yamai, da yardar likitan da ke kula da yaran, da yardar iyaye bayan an yi musu bayani da Hausa, ko Kanuri, ko Fulatanci, ba takardar Faransanci da za a dangwala wa yatsa ba. Su ma za su yi maka tambayar Arlit, ka tanadi amsarta. Kafin ka kashe ko jika ɗaya a kan kayan alama, ka roƙi labon da za ku yi aiki tare su aiko maka da kwalaben numfashi, ka ɗauki numfashin wasu yara kafin cin abincin gyaɗa da bayansa, awa-awa, ba tare da alama ba, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinsu har da nonon uwa. Abin da wannan awo ya nuna shi zai faɗa maka ko karbon-13 zai yi maka aiki, ko d31 za ka nema.